Mas'ala a Kan Binciken Aƙidar Wanda Za a Naɗa Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hori bayinsa da adalci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan takarda ce daga 'yan'uwanku na Dauran zuwa ga malamai da almajirai na ƙasar Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi, da dukan wanda ta isa hannunsa. 

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, duk sa'ad da aka ji labarin za a naɗa sababbin alƙalai, ko an kawo wani baƙon alƙali wata kotu ta ƙasarmu, tambayar da ke fara fita daga bakin mutane a zauruka da rumfunan kasuwa ita ce: ɗan wace ƙungiya ne? Ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala? Kaɗan ne ke tambayar wurin wa ya yi karatu, ko yaya hannunsa yake da dukiyar mutane. A kan haka almajirai suka rabu biyu. Wasu suka ce wajibi ne a tone aƙidar mutum duka kafin a ɗora shi bisa buzun shari'a. Wasu suka ce wannan tajassusi ne da tayar da fitina, aƙidar mutum tsakaninsa da Ubangijinsa take. Mu abin da muka gani shi ne, aƙidar alƙali kashi biyu ce. Akwai wadda ke shiga kotu tare da shi ta taɓa haƙƙin mai ƙara da wanda aka yi ƙara, to wannan halal ne a bincike ta, kai wajibi ne ma. Akwai kuma wadda ke tsayawa a masallacinsa da ɗakinsa, wannan babu wanda ke da haƙƙin hana shi alƙalanci dominta. Ga bayanin dalilinmu.

Fasali na farko: abin da littattafanmu suka sharɗanta

Wanda ya karanta babin alƙalanci a Muhtasar na Shehu Halilu, ko a Tuhfa ta Ibnu Asim mutumin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya san malaman Malikiyya ba su bar wannan matsayi a buɗe ga kowa ba. Sun sharɗanta ya zama adali, mai kaifin fahimta, mai ilmi, kuma ya yi hukunci da mazhabar limaminsa in bai kai ga ijtihadi ba. Sun so ya zama mai tsantseni, mai haƙuri, mai shawara da malamai, wanda bashi bai yi masa katutu ba. Sun hana shi karɓar kyauta, sun hana shi yin hukunci don amfanin wanda shaidarsa ba ta halatta gare shi kamar uba da ɗa, sun hana shi yin hukunci a kan maƙiyinsa. Sun kuma wajabta masa daidaita masu jayayya biyu a wurin zama da sauraro, ko da ɗayan Musulmi ne ɗayan ba Musulmi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa alƙalin da zargin mai zargi ba ya karkatar da shi a cikin ginshiƙan mulki, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya yi bayanin al'amarin alƙalai a cikin Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano.

To, daga nan ku gane kuskuren masu cewa kada a bincika kome. Alƙali da kansa ba ya karɓar shaidar mutum sai an yi masa tazkiyya, ko da ƙarar ta akuya ce. Yaya za a yi tazkiyyar mai shaidar akuya, a bar wanda zai raba aure ya raba gado ya yi hukuncin haddi ba a tambaye shi ba?

Dokar ƙasa ma ba ta ce a rufe ido ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 276, ya sharɗanta wa alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ya kasance yana da shaidar karatun shari'ar Musulunci daga makarantar da aka yarda da ita, tare da shekara goma na riƙe ta ko na aikin lauya. Gwamna ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Alƙalai ta Ƙasa, Alƙalin Alƙalai kuwa sai majalisar dokokin jiha ta tabbatar da shi. Ƙananan alƙalai kuma hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ke ɗaukarsu. Amma sashe na 42 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda addininsa ko ƙabilarsa. Dokar ta ambaci ilmi da ƙwarewa, ba ta ambaci ɗariƙa ko ƙungiya ba.

Fasali na biyu: abin da ya faru da waɗanda suka mai da aƙida ma'auni

A shekara ta 218 bayan Hijira, daidai da 833, Halifa Ma'amun ya rubuta wa gwamnansa na Bagadaza, Is'haƙa ɗan Ibrahim, cewa ya tara alƙalai ya jarraba su a kan maganar halittar Alƙur'ani. Wanda ya ƙi faɗin abin da Halifa ke so, ba shi ba alƙalanci, kuma ba a karɓar shaidarsa. Ma'amun yana ganin addini yake tsarewa. Abin da ya biyo baya kowane almajiri ya sani: masu tsoron sarki suka faɗi abin da ba ya zukatansu suka riƙe matsayinsu, masu tsoron Allah aka ɗaure su, har aka yi wa Imamu Ahmadu ɗan Hambali bulala a zamanin Mu'utasim. Wutar ba ta mutu ba sai bayan Mutawakkil ya hau a 847. Jarrabawar aƙida ta tace mutane, amma munafukai ta bari a ciki ta zubar da masu gaskiya.

Ba sai mun je Bagadaza ba. A 1949 an rushe masallatan 'yan Tijjaniyya a Gusau da nan Ƙaura Namoda da umarnin hukumar Sakkwato, kuma a 1956 rikici ya sake tashi a lardin tsakanin 'yan Tijjaniyya da 'yan Ƙadiriyya. Babbar alamar da ake gane juna da ita a lokacin ita ce ƙabalu da sadalu, wato kama hannu a salla ko sakinsa. A zamanin nan alƙali ma'aikacin En'e ne, sarki ke naɗa shi, sarki ke tuɓe shi. Ku auna zuciyar talakan da aka rushe masallacinsa, sa'an nan aka kai shi gaban alƙalin da hukumar da ta rushe ke biyansa albashi. Haka 'yan NEPU suka sha ɗauri a kotunan alƙalai bayan kafa jam'iyyarsu a Kano a 1950, har sunan alƙali ya ɓaci a bakin talakawa, kuma ba a raba kotuna da En'e ba sai a 1968. Dattawanmu da suka ga wannan zamani suna nan da sauransu, ku tambaye su.

Sa'an nan ku duba wannan. Da a ce ɗariƙa tana hana alƙalanci, da an rasa mai naɗa alƙali a daular Sakkwato, domin Shehu da Abdullahi da Muhammadu Bello duka Ƙadirawa ne. Da a ce kuma sukar ɗariƙa tana hanawa, da an ce Malam Abubakar Gumi, ɗan wannan ƙasa ta Zamfara, bai cancanci zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa ba, matsayin da ya riƙe daga 1962 zuwa 1967, alhali abokan saɓaninsa ma ba su musun ilminsa. Yau wannan ƙungiya ke kusa da gwamna, gobe waccan. Wanda ya kafa sunnar kore alƙali don sunan ƙungiyarsa, almajiransa za a kora da ita bayan zaɓe. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Irin wannan ya faru a Amurka, ƙasar da tsarin mulkinta ya hana a jarraba addinin mutum kafin a ba shi matsayi. A 2017 wata 'yar majalisar dattawa, Dianne Feinstein, ta nuna damuwa da ƙarfin aƙidar Katolika ta Amy Coney Barrett sa'ad da ake tantance ta, Kiristoci masu yawa suka ce an zalunce ta. A 2023 Shugaba Biden ya gabatar da wani lauya Musulmi, Adeel Mangi, don kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, wadda Musulmi bai taɓa zama a cikinta ba. Sai 'yan ɓangaren da suka yi kuka a 2017 suka tsare shi da tambayoyi kan harin 7 ga Oktoba da wata cibiya ta jami'a da ya taɓa ba wa shawara, har shekarar 2024 ta ƙare ba a tabbatar da shi ba. A nan gida kuma, da aka naɗa Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2019, wasu suka yi ta surutu don zurfin karatunsa a shari'ar Musulunci yake. Mun ji zafin wannan. To wanda ya ji zafinsa bai kamata ya yi wa ɗan'uwansa Musulmi irinsa ba, ko Kiristan da aka gabatar don babbar kotun jiha, inda dokar ƙasa ce abin hukunci.

Fasali na uku: tambayoyin da suka halatta

Tambaya ta farko ita ce ta ilmi, ita ce kuma mafi girma. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, alƙalin Zamfara ya zama mai hukunci a kan gaɓoɓi da rayuka, kuma a watan Maris na 2000 aka yanke hannu na farko. A Gwadabawa ta Sakkwato an yanke wa wata mata hukuncin jifa a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a 2002. A Bakori ta Katsina an yanke wa wata irinsa a 2002, aka rushe shi a 2003, domin ba a ba ta damar janye iƙirarinta ba, kuma ba a lura da mas'alar kwantaccen ciki ba, wadda ƙaramin ɗalibin Malikiyya ya sani. Waɗanda suka rushe hukuncin ba su tambayi ƙungiyar alƙalan farko ba, littafi suka buɗe. Saboda haka a zaunar da mai neman alƙalanci a ba shi mas'alar gado ya raba, a tambaye shi sharuɗɗan iƙirari da shubuhohin da ke tunkuɗe haddi da dokar bin ƙara ta jiha.

Ta biyu ita ce zuciyar wannan takarda. A tambaye shi: shin kana kafirta Musulmin da ba ya cikin ƙungiyarku? Wannan aƙida ce, amma ba ta zama a masallaci, domin kafirtawa tana da hukunci a kotu. Wanda alƙali ke ganinsa kafiri ko mushriki, yaya zai karɓi shaidarsa a kan Musulmi? Yaya zai tabbatar da aurensa da Musulma? Yaya zai ba shi gadon ubansa? Gidajenmu a gauraye suke. A gida ɗaya za ka sami uba yana wazifa, babban ɗa yana Izala, ƙarami yana zuwa wani zauren dabam. In uban ya rasu aka kai rabon gona gaban alƙalin da ya taɓa hawa mumbari ya ce masu wazifa sun fita daga Musulunci, ko wanda ya ce duk ɗan Izala maƙiyin Annabi ne, da wace zuciya magada za su zauna gabansa? Ko dai ya yi hukunci da aƙidarsa ya zalunce su, ko ya yi hukunci da abin da yake ganin ɓata ne ya ci amanar kansa. Irin wannan a ce masa ya zaɓa: ya janye maganarsa a fili kamar yadda ya faɗe ta a fili, ko ya tsaya a wa'azinsa ya bar alƙalanci. Kuma abin da za a kama shi da shi sai abin da ya faɗa a bainar jama'a ko ya rubuta. Ba a leƙa gidansa, ba a tambayi matansa ba.

Ta uku, a tambaye shi game da biyayya. Kowace ƙungiya tana da shugaban da ake jin maganarsa, muridi yana da shehunsa, ɗan ƙungiya yana da shugaban majalisar malamansa. In takarda ta zo daga can ana cewa a duba wane, namu ne, me zai yi? In yana riƙe da muƙami a ƙungiya, ya ajiye muƙamin ranar da ya karɓi alƙalanci, ya ci gaba da ibadarsa yadda ya saba. In kuma aka kawo jayayya a kan limancin masallaci ko filin makarantar Islamiyya tsakanin ƙungiyarsa da wata, ya miƙa ƙarar ga wani alƙali, ƙiyasi a kan hana shi hukunci ga ɗansa ko a kan maƙiyinsa.

Ta huɗu ita ce wadda mutane ke mantawa saboda shagala da ƙungiya: wa ya kawo shi, wa ke ciyar da shi, wa ke binsa bashi? Kun ga halin da ƙasarmu ta shiga, garuruwa sun watse, gonaki sun zama daji, hanyar Zurmi da ta Shinkafi ana binsu da addu'a a baki. A cikin abubuwan da manoma da makiyaya duka ke kuka da su tun kafin bindiga ta yi yawa akwai shari'ar ɓarnar gona da ta burtali, wadda ake sayarwa ga wanda ya fi kawo gaisuwa. Alƙalin da ya cinye saniyar Bafillatani a kan tarar da ba ta kai ɗan akuya ba, ko ya kori ƙarar manomi don mai garke ya riga shi zuwa gida da dare, ba ƙabalu ya sa shi ba, ba sadalu ba. Ɗan siyasar da ya rubuta sunansa, da hakimin da ya tsaya masa, da attajirin da ya gina masa gida, waɗannan alaƙoƙi sun fi cancantar bincike.

Amma inda yake sa hannunsa a salla, da ko yana maulidi, da masallacin da yake Juma'a, da tsawon wandonsa, da ƙungiyar surukinsa, duk wanda ya hana shi alƙalanci don waɗannan ya zalunce shi, ya kuma hana jama'a amfanin ilminsa.

Fasali na huɗu: jawabin masu musu

In wani malami ya ce: ai Muhtasar ya sharɗanta wa adali kuɓuta daga bidi'a, ko da mai ita yana da tawili, kuma alƙali sai adali. Sai mu ce gaskiya ne, amma ka duba misalin da marubucin ya kawo, Hawarijawa ne da Ƙadariyya masu musun ƙaddara, waɗanda suka saɓa wa Ahlus Sunna a tushen aƙida. Kuma babbar alamar Hawarijawa ita ce kafirta Musulmi da zunubi, wato abin da tambayarmu ta biyu ke nema. In aka faɗaɗa kalmar ta haɗa da duk abin da malaman zamani ke saɓani a kansa, to kowane ɓangare yana kiran ɗayan da ita, sai a wayi gari babu adali ko ɗaya daga Dauran har Gusau, babu aure mai shaidu, babu cinikin da ya tabbata. Abin da ke kai wa ga rushe shari'a duka ba zai zama nufin mai littafin ba.

In wani ya ce: mai neman matsayi zai faɗi abin da ake son ji, ina amfanin tambaya? Sai mu ce da zahiri aka umarce mu, ɓoye na Allah ne. Kuma ba bakinsa kaɗai za a dogara da shi ba. A tambayi maƙwabtansa da waɗanda suka yi ciniki da shi, a duba hukunce-hukuncensa in ya taɓa aiki a kotu, a ga nawa aka rushe a sama kuma don me.

In wani ya ce: wa zai yi tambayar, ai shi ma ɗan wata ƙungiya ne? Sai mu ce wannan ita ce magana mafi nauyi, kuma don ita muke roƙon hukuma abu uku. Masu tantancewa su zama daga ɓangarori dabam dabam. Tambayoyin su zama iri ɗaya ga kowa, a rubuce, kada a sauƙaƙa wa na gida a tsananta wa na waje. Kuma kada a karɓi takardar suka marar suna. Wanda ya ce wane yana kafirta mutane ya zo ya tsaya ya kawo hujja, a karanta wa wanda ake suka ya ba da jawabi, kamar yadda alƙali ke yin i'izari kafin ya yanke hukunci. Wanda za a ɗora don ya yi wa mutane i'izari shi ya fi cancanta a yi masa.

Tanbihi ga almajirai

Ya ku almajirai, a cikinku akwai alƙalan gobe. Ku sani a wannan zamani abin da kuka faɗa a wurin wa'azi ana ɗaukarsa a waya, yana nan ajiye bayan shekara ashirin. Baki shi ke yanka wuya. Ku yi raddi da hujja ga abin da kuke ganin kuskure ne, wannan aikin malamai ne tun da, amma ku kiyayi fitar da mai salla daga Musulunci, domin wata rana shi ko ɗansa zai durƙusa gabanku yana neman haƙƙinsa. Ku kuma malamai, in hukuma ta nemi shawararku a kan wani, ku faɗi abin da kuka sani na ilminsa da amanarsa ko da ba naku ba ne, ku faɗi aibin naku in kun san shi, domin shawara amana ce kuma shaida ce da za a tambaye ku a kanta.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Inda muka dace daga Allah ne, inda muka kuskure daga gare mu ne, kuma malamin da ya ga gyara ya rubuto mana da hujjarsa, za mu buga ta a takarda mai zuwa in Allah ya so. Wanda ya karanta ya miƙa wa ɗan'uwansa, ya kuma karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu alƙalai masu tsoronsa, ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya. Amin.